Gyaran gangar tsohon jirgin faiba a Tumfure: rubutun aiki daga Nuwamba zuwa Maris

Asabar, 9 ga Nuwamba, 2024

Jirgin ruwan ya shigo gida yau bayan la'asar. A bayan motar kanta muka ɗauko shi daga Dadin Kowa ta jihar Gombe, inda ya shekara da shekaru a gindin wata bishiyar maina a bayan gidan wani dattijo. Kuɗin jirgi da tsohon injinsa ₦280,000, mota da 'yan dako ₦45,000. Tsofaffin tayoyi muka shimfiɗa masa, direba kuma ya yi haƙuri ya taho a hankali.

Ƙirar Glastron ne, kamfanin da aka kafa a garin Austin na jihar Texas a Amurka a 1956. Tsawonsa ya kusa ƙafa 16. A bangon baya ta hannun dama akwai lamba mai haruffa da alƙaluma 12 da aka buga a jikin faibar, wadda dokar Amurka ta wajabta wa masu ƙera jirage tun Nuwamban 1972. Ta wannan ta fara da GLA, kusa da ƙarshe kuma akwai M78, wato samfurin 1978 ne. Dattijon ya ce a hannun wani Bature ya saya, cikin injiniyoyin da suka zauna a yankin lokacin gina madatsar ruwan Dadin Kowa, wadda aka kammala a 1984.

Irin waɗannan jirage an yi su ne don jan mai zamiya a kan ruwa: mutum ya ɗaura faifai a ƙafa, ya riƙe igiya mai tsawon kusan mita 23, jirgi ya fizge shi. Wani saurayi Ba'amurke, Ralph Samuelson, shi ya fara wasan a tafkin Pepin a jihar Minnesota a 1922, kuma a gasar maza gudun yakan kai kilomita 58 a sa'a. A irin wannan gudu ruwa dukan ƙasan jirgi yake yi, ƙarfin inji kuma gaba ɗaya a bangon baya yake sauka. Saboda haka ba zan taɓa inji ko fenti ba sai gangar, wato jikin jirgin, ta amsa sunanta.

Lahadi, 10 ga Nuwamba

Wanki da bincike. Ɗan 'yar'uwata, wanda ya gama sakandare yana jiran shiga makaranta ta gaba, shi zai riƙa taya ni. Mun kwashe ganye da ƙasa da sheƙar ɓeraye, baro bayan baro. Nan muka ga tushen ciwon: toshiyar magudanar baya tana nan a rufe, ta yi tsatsa ta manne. Ke nan kowace damina ruwa taruwa yake ya kwanta a ciki har sai rana ta shanye shi.

Faiba ba ta ruɓewa. Abin da ke ruɓewa shi ne katakon da aka binne a cikinta, kuma jiragen wancan zamani cike suke da shi: filawud a bangon baya, filawud a daɓe, sai dogayen katakai da suka bi tsawon jirgin a ƙarƙashin daɓen, waɗanda su ne ƙasusuwansa. Na bi gangar da ƙotar ƙaramar guduma ina ƙwanƙwasawa. Inda yake lafiya sautin yana fita ƙwal-ƙwal, inda faiba ta rabu da katako ko ruwa ya shiga sai ka ji dum-dum. Goshi da gefuna biyu lafiya lau. Bangon baya kuwa daga sama har ƙasa babu inda ya amsa. Na huda shi ta ciki, abin da ya fito baƙi ne, jiƙe sharkaf, kamar dusar da ta kwana a ruwa. Daɓen ma in ka taka lotsawa yake.

Bangon baya, ƙasusuwa, daɓe, duk sai an yi sababbi.

Laraba, 13 ga Nuwamba

Kayan kariya na mutum biyu: takunkumi mai matatar tururin sinadari, tabarau mai rufe gefen ido, safar hannu, rigar aiki mai dogon hannu, ₦42,000. Takunkumin takarda ba ya tare warin rezin, ruwan gam ɗin da ake jiƙa yadin faiba da shi ya daskare. Maƙwabta sun fara leƙowa, kowa tambayarsa ɗaya: wane launi za a yi masa?

Asabar, 16 ga Nuwamba

Mun sauke inji da sarƙar da na aro wurin makanike, mun rufe shi da tamfol. Sai Baba kafinta na unguwarmu ya zo muka haɗa wa jirgin gadon katako. Wannan mataki ba a tsallake shi, domin da zarar an cire daɓe da ƙasusuwa gangar takan yi laushi, in aka manna sababbin katakai alhali tana karkace, a haka za ta daskare har abada.

Kafin mu ɗora shi na kwanta a ƙasa da miƙaƙƙiyar sandar alminiyam ina gwada ƙasan jirgin. Ta dama a miƙe take. Ta hagu kusa da baya akwai loɓawa ta milimita 12, daidai inda ya daɗe a kan dutse. Ba abin rainawa ba ne. Loɓawa a wannan wuri takan danne goshin jirgi ƙasa ta wancan gefen in an ba shi wuta, ya riƙa tafiya a karkace. Dabarar ita ce a bar wurin babu tallafi a ƙasa, a jibga masa buhunan yashi ta ciki bayan an fitar da ruɓaɓɓen katako, ya yi makonni yana komawa da kansa.

Baba ya ce, "Malam, ni gado da kujera na sani, amma ba zan buga kusa ɗaya ba sai lebur ya zauna." Haka kuwa aka yi, sai da ya gwada ta tsawo da ta faɗi. Katako da kuɗin hannu ₦55,000.

Asabar da Lahadi, 23 da 24 ga Nuwamba

Mun ɓare robar da ta zagaye gefen jirgi, mun huje ribit ɗin da ke ƙarƙashinta, samarin layinmu suka taimaka muka ɗaga saman jirgin muka ajiye gefe. Mun gitta katakai biyu a bakin gangar don kada ta buɗe. Sannan na yanke daɓen da injin gurza, ina barin kamar yatsa uku a gefe don ya nuna mini inda sabon zai zauna.

A ƙarƙashi akwai soson da aka zuba tun daga masana'anta don hana nutsewa. Ya sha ruwa ya ƙoshi. Buhu ɗaya da muka ɗora a sikeli ya ba da kilo 19, abin da busasshensa yaro zai ɗauka da hannu ɗaya. Ƙasusuwan kuwa kwanson faibar kaɗai ya rage, ciki gara ta gama da abin da ruwa ya bari.

Ƙurar faiba tana da ƙaiƙayi mai tsanani. Abin da ya yi mana amfani: shafa hoda a wuya da hannu kafin a fara, wanka da ruwan sanyi ba tare da cuɗawa da ƙarfi ba, kayan aiki kuma a wanke su daban. Uwargida ta ware musu bokiti nasu, ta hana su kusantar kayan yara, kuma ta yi daidai.

Asabar, 30 ga Nuwamba

Cizal da guduma tun safe, ana ƙwaƙule bangon baya ta ciki. Fatar waje ban taɓa ta ba, ita za ta riƙe mini siffa. Buhunan yashi sun hau kan loɓawar. Faifan gurza da sanfefa ₦30,000.

Asabar, 7 ga Disamba

Yau gwiwata ta yi sanyi. Muna gurje cikin gangar da faifai mai lamba 36 sai injin ya fara tartsatsi a tsakiyar ƙirjin jirgin, abin da faiba ba ta yi. Da muka share sai ga guntun kwanon rufi an manna da kwalta an buga masa ribit. Na leƙa ta waje na kankare fenti, sai ga bodi fila, kwaɓin da ake cike lotsewar mota da shi, mai kaurin yatsa. Da aka ɓamɓare duka, tsaga ce ta ratsa gangar gaba ɗaya, tsawonta ya kai santimita 60. Da alama jirgin ya taɓa hawa dutse da gudu, wani ya rufe wurin yadda ya iya. Ƙotar guduma ba ta nuna mini ba saboda ƙashin tsakiya yana kwance a kai.

Abin da ya fi ɓata rai, kowane ramin ribit ya haifi tasa ƙaramar tsagar, faibar kewayen kuma ta yi fari ta saki. Bodi fila ba ta ɗaukar nauyi, kuma tana shan ruwa. Da an sa wannan jirgi a ruwa an taka shi, wurin nan zai iya buɗewa lokaci guda, a tsakiyar tafki, da mutane a ciki.

Na kira wani mai gyaran bambar mota da faiba, wanda hannunsa ke da kyau ƙwarai, don ya gani. Ya duba ya ce, "Maigida, ka bar ni in cike in fesa fenti, ko kai ba za ka gane wurin ba." Na san gaskiya ya faɗa, ba zan gane ba. Na ce masa bambar mota in ta tsage a hanya sai a tsaya a gefen titi, wannan kuwa babu gefen da za a tsaya. Ya yi shiru, ya sake shafa tsagar, ya tambaye ni yadda ake yi. Mun rabu a kan zai zo ranar da za a shimfiɗa yadin faiba.

Na huda ƙananan ramuka a bakin tsagar biyu don kada ta ci gaba, na yanke duk faibar da ta yi fari har na iske mai lafiya. Kaurin gangar a wurin milimita 6 ne. Ƙa'ida ita ce a gurje gefen ya yi gangare mai faɗin ninki 12 na kaurin, wato santimita 7 da ɗoriya ta kowane ɓangare, don sabuwar faiba ta sami wurin kamawa.

Laraba, 11 ga Disamba

Hunturu ya shigo, kuma a wannan gaɓar alheri ne, iskar a bushe take. Na manna farar leda da salatif a wurare daban-daban a cikin gangar na bar ta ta kwana. Ta gaba a bushe, ta baya akwai raɓa. A ƙara jira.

Asabar, 14 ga Disamba

Filawud. A kasuwa wani ya rantse mini cewa nasa na ruwa ne, har da hatimi a gefe. Na sayi ɗaya ₦28,000, na yanki guntu na jefa a tukunya na tafasa shi. Kafin sa'a guda ya warware filla-filla, ciki ma akwai gurabe babu katako. Wanda aka haɗa da gam mai jure ruwa, irin baƙin nan da ake gani layi-layi a gefe, ko ya yi sa'o'i yana tafasa ba ya rabuwa. Mai shagon ya ce shi ma haka aka kawo masa, kuma bai karɓi kaya ba tunda an yanka. Ya zama kantar ajiye kayan aiki.

Wani abokina a Kano ya aiko da guntaye daga wurare daban-daban a motar haya, muka dafa su duka. Ɗaya ne ya tsira. Na yi odar guda huɗu, biyu masu milimita 18, biyu masu 12, an daidaita a ₦184,000, kuɗin mota ₦12,000.

Asabar, 21 ga Disamba

Kayan faiba sun iso. Rezin jarka biyu, kilo 20 kowace, ₦260,000. Yadi mai gutsattsarin zare, gram 450, kilo 20, ₦100,000. Saƙaƙƙen yadi, gram 600, kilo 10, ₦60,000. Hadina mai daskarar da rezin, asiton na wanke shi, da hodar kauri ₦70,000.

Na daɗe ina auna nau'ukan rezin biyu, foliyesta da ifoksi. Ifoksi ya fi kama katako da tsohuwar faiba, babu musu. Amma ya ninka kuɗi, jelkot, wato shafin waje mai launi da sheƙi na faiba, ba ya zama sosai a kansa, kuma yadi mai gutsattsarin zare an ɗaure shi ne da sinadarin da foliyesta ke narkarwa. Jirgin ma tun asali da foliyesta aka yi shi. Na tsaya a kanta, da sharaɗin gurza mai kyau da goge wuri da asiton kafin kowace shimfiɗa.

Hadina da sirinji nake aunawa: mililita 10 a kilo ɗaya in da zafi, 20 in da sanyi. Na ja wa yaron kunne sosai a kanta, domin ɗigo ɗaya a ido na iya makantar da mutum. Bokitin ruwa mai tsabta yana kusa kullum. Mai walda ya haɗa mini rolar fitar da iska da wosha manya da ƙanana a jere a kan doguwar noti.

Lahadi, 22 ga Disamba

Gwajin leda ya fito a bushe ko'ina. Kofin gwaji daga jarka ta farko ya fara daskarewa cikin minti 20, ya yi tauri ƙwarai. Mun toshe tsagar ta waje da allo mai leda, muka shimfiɗa ta ciki: gutsattsari, saƙaƙƙe, gutsattsari, saƙaƙƙe, har gangaren ya cika. Ba a haɗa saƙaƙƙe biyu kai tsaye, sai da gutsattsari a tsakani, in ba haka ba sukan rabu. Mai gyaran bamba ya zo kamar yadda ya yi alkawari, kuma wurin korar kumfar iska da rola ya fi mu hannu nesa ba kusa ba.

Asabar, 28 ga Disamba

An yanka filawud na bangon baya bisa siffar da na zana a kwali, biyu masu 18. An shafe su da rezin ko'ina, musamman gefuna, an haɗa su da yadi a tsakani, an danne da bulo.

Asabar, 4 ga Janairu, 2025

Asara ta biyu, kuma ta fi ciwo a aljihu. Ran Laraba jarka ta farko ta ƙare muna tsakiyar ƙara wa ƙirjin jirgi kauri ta ciki, shimfiɗa mai faɗi da za ta rufe gyaran tsagar ta wuce shi. Muka buɗe ta biyu muka ƙarasa, ma'aunin hadina ɗaya, rana ɗaya, hannu ɗaya. Washegari rabin da aka yi da ta farko ya yi tauri, ɗaya rabin yana nan da danƙo. Na ce ko sanyin dare ne, domin ma'aunin zafi ya nuna 15 da asuba, kuma ƙasa da haka rezin ba ya son daskarewa. Muka fito da shi rana ya yini, muka rufa masa baƙar leda. Har yau in ka danna farce yana shiga.

Na zuba kofuna daga jarkar da hadina iri-iri. Mai kashi 1 cikin 100 bai motsa ba, mai kashi 2 ya zama roba-roba. Da na juye jarkar sai ga gudaji a gindi, saman kuma tsararo. Rezin in ya wuce wata shida, balle a ɗakin ajiya mai zafi, yakan fara lalacewa, kuma wannan ga alama tsoho ne aka sirka don ya yi ruwa. Na kira mai kayan, muka yi ta kai ruwa rana, a ƙarshe ya mayar da rabin kuɗin jarkar, ₦65,000.

Cire abin da bai daskare ba ya fi shimfiɗa shi wuya. Faifan gurza toshewa yake nan take. Sai da muka bi da cizal da wuƙar fenti muna ɗagawa, muna wankewa da asiton, sannan aka gurje har aka iske mai tauri. Yaron ya ce, "Kawu, ba za a iya rufe shi da sabo a kai ba?" Na ce a'a, abin da ke ƙasa shi ke riƙe na sama. Gyaran tsagar kansa bai taɓu ba, alhamdu lillahi, da jarka ta farko aka yi shi.

Na yi odar kilo 40 daga kasuwar sinadarai ta Ojota a Legas, ₦248,000, kawowa ₦18,000. Daga yau kowace jarka sai ta ci gwajin kofi kafin ta taɓa jirgi.

Asabar, 11 ga Janairu

Sabon rezin ya ci gwaji. An maimaita shimfiɗar ƙirji ran Alhamis. Yau bangon baya ya shiga. Mun kwaɓa rezin da hoda da yankakken zare ya yi kauri, muka shafa a fatar waje ta ciki da jikin filawud, muka tura, muka matse da katakai ciki da waje da dogayen notuna ta tsofaffin ramukan inji. Alamar da ake nema ita ce kwaɓin ya tsatso ta kowane gefe. Ya tsatso.

Lahadi, 12 ga Janairu

An cike kusurwoyi da kwaɓi an zagaye su, domin yadi ba ya kwanciya a kusurwa mai kaifi. An ɗaure bangon da gefuna da ƙasa, kowace shimfiɗa ta fi ta ƙarƙashinta faɗi. Tsayin wurin rataya inji inci 20, kamar yadda yake a da.

Asabar da Lahadi, 18 da 19 ga Janairu

Loɓawar hagu ta dawo daga milimita 12 zuwa 3. Na bar buhunan a wurin har aka ɗaure ƙashin da ke kusa, don ya kulle ta a haka. Sauran ukun za a cike su ta waje.

Baba kafinta ya yanka ƙasusuwan. Ba a zaunar da su kai tsaye a kan gangar, an bar ɗan tsakani an cika da kwaɓi, domin katako mai tauri in ya tokare faiba yakan jawo tsaga a layinsa. A gindin kowane ƙashi na sa guntun bututun famfo don ruwa ya sami hanyar gangarawa magudana. Duk ramin da noti zai bi na huda shi ya fi girma, na cika da kwaɓi, sannan na sake huda daidai, yadda ruwa ba zai taɓa katako ba. Wannan ɗan aikin shi zai sa bangon ya yi ƙarko.

Asabar, 25 ga Janairu

Maganar abin da zai hana nutsewa. Soson da ake haɗawa a zuba yana da tsada, kuma na ga abin da ya zama bayan shekaru a cikin ruwa. Farin soson kwalin firiji kuma rezin narkar da shi yake. Na zaɓi gorunan roba na ruwan sha masu lita ɗaya da rabi, a rufe gam. Lita ɗaya ta iska tana ɗaukar kusan kilo ɗaya. Faiba a cikin ruwa kusan sulusin nauyinta take saura, ƙarfen inji kuwa mafi yawan nauyinsa yana nan. Da na lissafa ganga da inji da batir, ana buƙatar sama da lita 200. Yaran unguwa sun tara goruna 170, na biya ₦15,000. Da sanyin safiya ake rufe su, in aka rufe da rana sukan motse da dare.

Wasu na ganin na cika tsanani a nan. Haɗarin da ya faru a Gbajibo ta ƙaramar hukumar Mokwa a jihar Neja a farkon Oktoban bara, inda rayuka da yawa suka salwanta, bai bar zuciyata ba. Jirgin da ya cika da ruwa amma yana yawo a sama, mutane suna da abin riƙewa har taimako ya zo.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Daɓe ya hau, an rufe ƙasansa da samansa da yadi. Na bar ƙofar leƙe kusa da magudana.

Asabar, 8 ga Fabrairu

An kifa gangar a kan tayoyi. An gurje tsagar ta waje an yi mata nata gangaren da shimfiɗa, yanzu gyaran ya kama ta fuska biyu. Ƙananan tsagogin jelkot an buɗe kowace da bakin ƙarfe an cike. Ƙurajen da ruwa ya tayar a ƙasa an fasa su, an wanke, an bar su su bushe.

Game da launi na yanke shawara. Gefunan sama suna da jan jelkot mai ƙyalƙyali na asali. Na gwada wuri ɗaya da sanfefar ruwa, 600, 800, 1200, na goge, sai ga launin ya dawo. Ba zan rufe shi da fenti ba, ko da tabo zai nuna nan da can. Ƙasan kaɗai za a yi wa sabon farin jelkot. Kilo 10 da ruwan kakinsa, ₦95,000.

Lahadi, 16 ga Fabrairu

Jiya da safe gari garau, muka fara shafa jelkot a ɓangaren dama. Ba mu kai rabi ba iska ta taso daga gabas da ƙura, hazo ya rufe gari. Jelkot ɗanye ne, duk abin da ya sauka a kai ya zauna. Da ya bushe sai ya zama ruwan ƙasa-ƙasa, da kaushi, ga ƙananan ramuka. Yau gaba ɗaya a gurje shi muka ƙare, kusan kilo 2 ya tafi.

Mun kafa rumfa da tamfol da leda an rufe ta ruf, an bar kafa ɗaya ta yamma da fanka tana jan wari waje. Za a yayyafa wa ƙasa ruwa kafin a fara. Jelkot na son kaurin kusan rabin milimita, kuma shafin ƙarshe sai an sa masa kaki, kashi 2 cikin 100, domin in iska na taɓa fuskarsa ba ya daina danƙo.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Jelkot ya yi kyau a cikin rumfa, mai gyaran bamba ne ya riƙe burushi. Zafi ya fara. Ragowar kofi ɗaya da aka ajiye ya ɗau zafi har yana hayaƙi, muka fitar da shi fili muka zuba masa ruwa. Yanzu rubu'in kilo muke kwaɓawa, a faranti mai faɗi, kuma daga an fito sallar asuba zuwa hantsi.

Asabar, 1 ga Maris

Azumi ya kama. Sanfefar ruwa da goge, da safe kawai. An juyo da jirgi, saman ya koma mazauninsa da sababbin ribit. Sandar alminiyam ta kwanta a ƙasan hagu ba haske a tsakani.

Lahadi, 9 ga Maris

Gwajin ruwa a Dadin Kowa, ba inji. Mota zuwa da dawowa ₦70,000, rigunan ruwa huɗu ₦72,000. Kafin mu sauke sai da na je na gaida shugaban masuntan wurin na faɗa masa abin da ya kawo mu. Ya ce, "Ɗana, ku tsaya nan bakin da muke fita, kada ku nufi wajen ciyayin can, dorina na kwana a wurin." Ya haɗa mu da mutum biyu da kwale-kwale suna biye da mu.

Jirgin ya zauna daidai, bai karkata ba. Mun jibga buhunan yashi a baya daidai nauyin inji, mu uku muka shiga da filafili. Na buɗe ƙofar leƙe ina haskawa da tocila. Gyaran ƙirji a bushe ƙayau, kusurwoyin bango a bushe. Bayan kamar sa'a guda na ga ruwa ya taru kusan rabin kofin shayi, na bi sawunsa har bakin bututun magudana. Tsohon bututun tagulla ne da na mayar, leɓensa na waje bai kwanta sosai ba. Ramin a lulluɓe yake da kwaɓi, don haka ruwan bai kai ga katako ba.

Abin da aka kashe zuwa yau, har da man janareta na kusan ₦60,000, ya kusa naira miliyan 1.7.

Cikin makon nan zan cire bututun in sa sabo da gam ɗin ruwa, in cika bayan jirgin da ruwa a gida in duba ta waje. Mai walda zai zo ya auna don tirela. Inji sai bayan Sallah: a fara da gwada matsin silinda, a duba man giya ko ruwa ya shiga, a sauya robar famfon sanyaya shi ko da ta yi kama da mai lafiya. In matsin bai kai ba, zan nemi wani injin da bai wuce ƙarfin da aka rubuta a farantin jirgin ba. Ƙarfen ɗaura igiyar zamiya kuma sai an yi masa farantin tallafi ta ciki kafin a mayar da shi.